Iyaye da 'Ya'ya a Lokacin Annoba: Waiwaye Daga Ƙasar Birnin Gwari

Kafin zuwan kalanda da takardar haihuwa, da abin da ya auku Bahaushe yake ƙidayar shekaru. In ka tambayi tsoho yaushe aka haife shi, sai ya ce maka shekara biyu bayan Kakalaba, ko kuwa ya ce yana goye aka yi marisuwa. Kakalaba ita ce yunwar 1914, marisuwa kuwa murar nan ce mai kisa ta 1918. Masana tarihi sun yi ƙoƙari wajen bin sawun irin waɗannan masifu, daga ina suka faro, ta wace hanya suka biyo, mutum nawa suka kwashe. Abin da ba a cika waiwaya ba shi ne halin da cikin gida ke shiga, wato abin da ke faruwa tsakanin uba da ɗansa, da uwa da 'yarta, sa'ad da ciwo ya hana kowa fita ko ya hana kowa shigowa. Wannan shi ne abin da muke so mu duba, kuma mun zaɓi ƙasar Birnin Gwari domin a nan ne annobar ƙarshe ta tarar da mutane suna cikin wata masifar da ta riga ta zuwa.

Birnin Gwari tana yammacin Jihar Kaduna, ta yi iyaka da jihohin Neja da Zamfara da Katsina. Ƙasa ce mai faɗi, mai albarkar noma, musamman masara da dawa, ga kuma zinariya da aka daɗe ana haƙa tun zamanin Turawa. Hausawa da Gwarawa da Kamukawa da Fulani ne mazaunanta. Dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936 aka kuma mai da shi gandun daji na ƙasa a 1999, yana cikinta, kuma ya haɗe da dajin Kuyambana na Zamfara. Babbar hanyar da ta tashi daga Kaduna ta bi ta Buruku da Udawa ta ratsa garin ta nufi Tegina, ita ce a da hanyar manyan motoci masu zuwa Ikko. Mai karatu ya riƙe hanyar nan da dajin nan a ransa, domin za mu komo kansu.

Sai mu fara da yadda gidan Bahaushe ya tsara zaman iyaye da 'ya'ya, don in ba a fahimci wannan ba ba za a gane abin da annoba ke taɓawa ba. A al'adarmu, ƙauna tsakanin mahaifi da abin da ya haifa ba a bayyana ta a fili. Kunya ce ke lulluɓe ta. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, wata ma ko an ce mata ba shi da lafiya sai ta kau da kai kamar ba ta ji ba, alhali cikinta na ƙuna. Uba kuwa mutumin waje ne. Da asuba yana masallaci, da hantsi yana gona ko kasuwa, da la'asar yana zaure ko majalisa. Yaro bai cika ganinsa ba sai wajen gaisuwa, ko aike, ko hukunci.

To, wa ke ba yaro abin da iyayensa suka ɓoye? Jama'ar da ke kewaye da shi. Kaka ce ke yaye shi, ita ce abokiyar wasansa, ita yake gaya wa abin da ba zai iya gaya wa uwarsa ba. Gwaggo ko inna ko kawu kan ɗauke shi riƙo. Malamin allo na da nasa rabon, haka maƙwabci, haka sa'o'insa a dandali. Wanda duk ya karanta labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta ɗauka daga bakinta a Giwa, maƙwabciyar Birnin Gwari, tsakanin 1949 da 1950, zai ga wannan tsari a sarari. Baba ba ta taɓa haihuwa ba, amma ba ta zauna babu 'ya'ya ba, domin na 'yan'uwa ta riƙa ta aurar. Da masu iya magana suka ce ɗa na kowa ne, yadda ake zaune suka faɗa. Nauyin kwanciyar hankalin yaro an raba shi a hannuwa da yawa, ta yadda in hannu ɗaya ya gaza saura su tallafa.

Annobar da kakanninmu suka fi sani ita ce agana. Tsabar tsoronta ya sa ba a son kiran sunanta, sai a ce 'yan rani, kamar yadda ake ce wa ƙyanda baƙon dauro. Masu bori ma suna da wasu iskoki da suke dangantawa da ita, waɗanda suke kira 'ya'yan zanzana. Agana ba ta kama mutum sau biyu, kuma mutane sun lura da haka tun da daɗewa. Saboda haka in ta kama yaro aka keɓe shi, wanda ya taɓa yi ya tashi, mai zanzana a fuska, shi ya fi dacewa da jinya, sau da yawa kuma tsohuwa ce. Ke nan ko a cikin keɓewa tsarin hannuwa da yawa bai rushe ba. Uwa na iya tsayawa nesa da sauran ƙananan 'ya'yanta, ta san akwai wadda ke zaune a kan mara lafiya.

Marisuwa ta zo da wani salo dabam. Jirgin ruwa ne ya sauke ta a Ikko cikin Satumba 1918, daidai ƙarshen Yaƙin Duniya na Farko. Daga nan ta hau jirgin ƙasa, wanda bai fi shekara bakwai da isa Kano ba, ta biyo Zungeru da Minna da Kaduna da Zariya, wato ta kudu da gabashin ƙasar Birnin Gwari. Daga tashoshin jirgi fatake da 'yan ƙwadago da masu tafiyar ƙasa suka shigar da ita ƙauyuka. Kafin shekara ta ƙare ta game Arewa. An ƙiyasta mutanen da ta kashe a Nijeriya sun kai wajen rabin miliyan, a lokacin da jama'ar ƙasar duka ba su kai miliyan ashirin ba.

Abin da ya bambanta marisuwa da sauran mura shi ne waɗanda ta fi kashewa. A ko'ina cikin duniya majiya ƙarfi ta fi ɗauka, 'yan shekara ashirin zuwa arba'in, wato su ne iyayen ƙananan yara. Sai ta bar gidaje da tsofaffi da marayu. Babu gidan marayu a ƙasar Hausa a wancan zamani, kuma ba a ji buƙatarsa ba, domin hanyar riƙo a buɗe take tun kafin annoba. Fiƙihun Malikiyya da alƙalanmu ke hukunci da shi ya riga ya jera masu haƙƙin reno, in babu uwa sai kaka, in babu kaka sai 'yar'uwar uwa, haka har a gangara. Gandu kuma ya ba baffa ikon haɗa 'ya'yan ɗan'uwansa da nasa a gona ɗaya da tukunya ɗaya. Ba mu ce kowane maraya ya ji daɗi ba. Tatsuniyoyinmu cike suke da 'yar bora da marainiyar da ake ba ƙanzo, kuma ba daga sama aka samo su ba. Amma dai yaron da marisuwa ta raba da mahaifansa ya faɗa hannun mutanen da ya riga ya sani, waɗanda wataƙila ma ya fi sakewa da su.

Daga baya aka shiga zamanin allura. Gangamin kawar da agana ya fara a 1967, ma'aikata na bin gari gari da bindigar lamba, sarakuna da hakimai da dagatai na tara musu jama'a. Zuwa 1970 agana ta ƙare a Nijeriya, a 1980 aka shelanta ta ƙare a duniya. Duk wanda ya manyanta a cikinmu yana ɗauke da tabon a damtse. Wannan ne karon farko da iyaye da yawa suka miƙa 'ya'yansu ga baƙon da ba su sani ba bisa amana, kuma amanar ta biya. Sai dai ta samu rauni a 1996, shekarar da sanƙarau ya kama mutum fiye da dubu ɗari a Arewa ya kashe sama da dubu goma sha ɗaya, har Saudiyya ta hana alhazan Nijeriya zuwa aikin Hajji. A tsakiyar wannan tashin hankali ne kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan wanda ya haɗa da yara kimanin 200 a Kano, goma sha ɗaya suka rasu, aka yi ta shari'a har zuwa sulhun 2009. Ƙin allurar shan inna da ya biyo baya a 2003 yana da alaƙa da wannan. Uban da ya rufe ƙofa ya hana a ɗiga wa ɗansa magani ya yi kuskure, amma ba rashin ƙauna ne ya sa shi ba.

Da wannan gado muka shiga 2020. Ranar 27 ga Fabrairu aka tabbatar da korona a Ikko. Kafin Maris ya ƙare an rufe makarantu, kuma daga 26 ga watan Gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa dokar hana fita dare da rana, aka dakatar da sallar jam'i da zuwa coci da kasuwanni da tarukan biki. Bayan kwana biyu Gwamna Nasiru El-Rufa'i ya ba da sanarwar shi kansa ya kamu. Dokar Kaduna tana cikin mafiya tsanani a ƙasar, an ɗan riƙa buɗe wasu ranaku don sayen abinci, amma ba a ɗage ta ba sai cikin Yuni. Azumin shekarar da ƙaramar salla duk a cikinta suka faɗo.

Jama'a suka raɗa mata suna dokar kulle, sunan kuwa ya dace. Mata sun yi ta zolayar maza cewa yau ga shi sun ɗanɗana abin da suka daɗe suna ɗora wa wasu. A bayan wannan raha akwai magana babba. Mutumin da al'ada ta gina a kan ya zama na waje, ga shi an dawo da shi tsakar gida, yana zaune da yaran da bai saba zama da su ba, babu zaure mai baƙi, babu majalisa, kuma mafi muni babu abin cefane. Mutuncin maigida a ƙasar Hausa a rataye yake da fita nema. Direba da ɗan acaba da tela da mai shayi da ɗan dako, in ba su fita yau ba, ba a ɗora tukunya gobe. Yara kuma suna kallo. Babu abin da ke karya zuciyar uba kamar ɗansa ya gan shi ba shi da yadda zai yi, kuma sau da yawa wannan karaya da faɗa take fitowa, a kan uwar gida ko a kan yaron da ya yi ƙiriniya. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, balle mutum goma sha a gida ɗaya da yunwa. Ita ma uwa tata sana'ar ta tsaya, domin ƙosai da ƙuli-ƙuli da dambun da take yi a cikin gida yara ne ke kai mata talla, talla kuwa sai da kasuwa da tasha.

Ba a nan kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar farko ta annobar damuwa da ƙuncin zuciya sun ƙaru da kashi 25 cikin ɗari a duniya. Amma a Turai da Amurka, inda iyali ke nufin miji da mata da 'ya'yansu, kulle ya matse abin da dama a matse yake. A wurinmu kuwa hannuwan nan da yawa ya yanke. An ce zumunta a ƙafa take, sai aka ɗaure ƙafar. Suna ba taro, rasuwa ba zaman makoki, mai jego ba masu barka, makarantar allo da Islamiyya a rufe. Har ila yau korona ta juya hukuncin marisuwa, domin tsofaffi ta fi kashewa. Mace-macen da aka yi a Kano cikin Afrilu 2020, waɗanda Ministan Lafiya Osagie Ehanire ya ce sun kai 979 kuma fiye da rabinsu na da nasaba da cutar, galibi dattawa ne. Shawarar likitoci ita ce a nisanta yara da kakanninsu. A gidan Bahaushe wannan daidai yake da a ce a rufe wa yaro ɗakin da yake gudu ya ɓuya in an ɗauko masa bulala.

Gaskiya ita ce a ƙauyukan Birnin Gwari ba a bi dokar nan kamar yadda aka bi ta a cikin Kaduna ba. Ba wanda zai hana manomi sharar gona ana jiran ruwan shuka, kuma babu jami'an da za su tsare kowane lungu. Ta hanyar kasuwa da mota da makaranta dokar ta iso musu. Gwamnati ta shirya darussa ta rediyo da talbijin, abin a yaba, amma yaron da babansa ke riƙe da rediyon gida ɗaya tilo don jin labaran duniya, kuma ga gona na jiransa, ba shi aka yi wa shirin ba. An kuma samu gidajen da zaman ya yi musu rana, inda uba ya zauna ya yi wa 'ya'yansa tilawa da kansa, ko ya fara gane wane ne mai ƙwaƙwalwa wane ne mai zurfin ciki a cikinsu. Wasu ubannin sai a wannan zaman suka san 'ya'yan nasu da kyau.

Babu inda tsohon tsari da sabuwar doka suka yi karo kamar a kan almajirai. Cikin Afrilu 2020 gwamnonin Arewa suka amince kowa ya mai da almajiran da ke jiharsa garuruwan iyayensu. Aka riƙa loda yara a motoci ana ƙetara iyakokin da aka ce an rufe. Gwamnatin Kaduna ta ce ta mayar da fiye da dubu talatin zuwa wasu jihohi, ita ma aka kawo mata nata. A cikin yara 169 da aka dawo mata da su daga Kano, 65 an same su da cutar. Aka killace su aka yi musu magani, sa'an nan aka miƙa su ga iyaye, tare da gargaɗin cewa duk wanda ya sake tura ɗansa bara zai iya fuskantar ɗauri.

A takarda, an haɗa ɗa da mahaifi ke nan. Amma mu tsaya mu dubi wannan haɗuwa. Yaro ya bar gida yana shekara shida ko bakwai, ya dawo yana goma sha biyu, a motar gwamnati, da sunan mai ɗauke da ciwo. Uban da ya kai shi ya yi ne da niyyar ibada, ko don rumbu ba zai kai kaka ba, ko duka biyun. Yanzu ga baki ya ƙaru a daidai lokacin bazara, sa'ad da hatsi ya ja baya. Uwa na murna a ɓoye, ƙannen da aka haifa bayansa na kallonsa kamar baƙo. Mu a ganinmu barar ƙananan yara abu ne da ya kamata a ce an daɗe da kawar da shi, kuma ba mu da wata hujjar kare shi. Amma almajirci reshe ne na tsarin raba nauyin ɗa, kuma ba a sare reshe a bar nauyin a iska. Da aka sassauta doka yara da yawa sun koma inda suka fito.

Yanzu sai mu koma kan hanya da daji. Ana kukan targaɗe sai ga karaya, in ji Hausawa, sai dai a Birnin Gwari karayar ce ta riga zuwa. Tun shekaru kafin korona satar shanu ta rikiɗe ta zama kisa da satar mutane. A watan Mayu 2018 an kashe mutum fiye da arba'in a ƙauyen Gwaska. A farkon Fabrairu 2020, makonni kaɗan kafin cutar ta shigo ƙasar, 'yan sanda sun kai farmaki sansanin 'yan Ansaru a dajin Kuduru. Rahoton da Gwamnatin Kaduna ta fitar da kanta ya nuna a shekarar 2020 an kashe mutum 937 an sace 1,972 a jihar, Birnin Gwari na cikin ƙananan hukumomin da abin ya fi shafa. A 2021 adadin ya hau zuwa 1,192 da 3,348. Waɗanda hukuma ta tabbatar korona ta kashe a jihar kuwa, daga farko har ƙarshe, ba su kai ɗari ba. Don haka in mutumin Kuyello ko Dogon Dawa ko Randagi ya ɗaga kafaɗa da aka ce ya sa takunkumi, ba jahilci ba ne. Lissafi ya yi.

Ke nan kulle biyu aka yi wa waɗannan mutane, na gwamnati da na daji, kuma yaron da aka dawo da shi gida don a tsare shi daga ciwo wani lokaci gidan ya fi inda ya baro haɗari. Na gwamnati ya ƙare cikin wata uku. Da makarantu suka fara buɗewa sai na dajin ya bi yara har aji. Ranar 15 ga Maris 2021 'yan bindiga suka shiga wata makarantar firamare a mazaɓar Magajin Gari ta Birnin Gwari suka tafi da malamai uku, yara suka watse. A ƙarshen Mayu aka kwashe yara fiye da ɗari daga Islamiyyar Salihu Tanko a Tegina, ba a sako su ba sai ƙarshen Agusta. A wannan shekarar gwamnati ta dakatar da kasuwannin mako-mako a yankin ta kuma sa aka katse layukan waya, har wajen wata biyu. A lokacin korona waya ce ta maye gurbin ƙafa wajen zumunci. Yanzu ita ma ta tafi, uwa a ƙauye ba ta da hanyar jin muryar ɗanta da ke karatu a Zariya ko Kaduna.

Irin ɓarnar da wannan ya yi wa zaman iyaye da 'ya'ya ta wuce ta kowace cuta da muka ambata. Yaro ya ga an durƙusar da ubansa a gabansa. Uba ya sayar da gona da shanun huɗa don fansar ɗa ɗaya, sauran 'ya'yan sun san da gadonsu aka biya. Gidan gandu da ya tara kaka da baffa da jikoki ya tarwatse, wasu a cikin garin Birnin Gwari, wasu a Kaduna, wasu a Funtuwa, kowa a ɗakin haya ko a raɓe gidan dangi. A 2022 Ƙungiyar Ci Gaban Masarautar Birnin Gwari ta yi ta kokawa cewa 'yan Ansaru na jan matasa a gabashin masarautar suna kuma auren 'yan mata a ƙauyuka. Kunyar da ta hana uba zama ya yi hira da ɗansa tana da amfani muddin akwai kawu da malam da kaka masu yin hirar a madadinsa. Inda babu su, duk wanda ya zo da babur da kuɗi da wa'azi shi zai samu kunnen yaron.

A watan Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matakin gaggawa a kan korona. A Maris 2024 aka sace 'yan makaranta a Kuriga, a ƙaramar hukumar Chikun da ke maƙwabtaka, aka sako 137 bayan mako biyu da 'yan kwanaki. A ƙarshen Nuwamba na wannan shekarar Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari ya karɓi wasu 'yan bindiga da suka ce sun tuba, aka sake buɗe kasuwar kara bayan shekaru tana rufe, motoci suka ƙaru a kan hanya, wasu manoma suka fara leƙa gonakin da suka bari. Waɗanda suka koma ƙauye sun koma da yaran da suka yi wayo a gari, waɗanda ba su taɓa riƙe fartanya ba, wasu kuma an haife su ne a cikin kullen 2020, aka raɗa musu suna babu taro.